Yadda ake mayar da teburin Excel fayil ɗin rubutu zalla ba tare da tsarinsa ya wargaje ba

Ka shafe yini kana gyara tebur a Excel, ka daidaita ginshiƙai, ka sa launi, komai ya zauna daram. Sai aka ce ka turo shi a matsayin CSV, wato rubutun da waƙafi ke raba ginshiƙansa, ko TXT, domin manhajar da za ta karɓe shi ba ta san wani abu ba sai rubutu zalla. Ka adana, ka sake buɗewa, sai ka tarar lambar da ka rubuta 00742 ta koma 742, kwanan wata ya juye, ƙ da ɗ sun zama alamar tambaya, wata doguwar lamba kuma ta zama 1.23457E+11. Kusan duk wannan ɓarna ana iya kauce mata, in dai an san inda take faruwa.

Fayil ɗin rubutu zalla ba ya ɗaukar komai sai haruffa, lambobi da alamomi. Babu inda zai ajiye launi, ko kaurin rubutu, ko layin da ya zagaye akwati, ko faɗin ginshiƙi, ko hoto, ko fomula mai aiki. Waɗannan ba za su tsallaka ba ko da wace dabara. Amma akwai wani kashi na tsari da yake iya tsallakawa lafiya lau: sifilin farkon lamba, fasalin kwanan wata, yawan lambobin bayan ɗigo, haruffa masu ƙugiya, har ma da jeruwar ginshiƙai a miƙe. Dabarar guda ɗaya ce, wato duk abin da kake so ya tsira, ka mayar da shi harafi tun kafin ka danna Save.

Mataki na farko: ajiye asali, yi aiki a kan kwafi

Kafin komai, adana aikinka a matsayin xlsx, ko ods idan LibreOffice kake amfani da shi. Dalili kuwa shi ne, da zarar ka yi Save As zuwa CSV, tagar da ke buɗe a gabanka ta zama ta CSV ɗin, ko da yake launuka da fomuloli suna nan a allo kamar babu abin da ya canza. Mutane da dama suna ci gaba da aiki a cikinta na tsawon awanni, su rufe, washegari su tarar babu komai sai rubutu tsirara. Ka kuma sani cewa falle ɗaya kawai ake adanawa, wanda kake kai a lokacin. Idan littafinka yana da falle biyar, fayil biyar za ka fitar.

Mataki na biyu: share fage

Tebur da aka tsara don ido ya bambanta da wanda aka tsara don na'ura. A kwafin da ka yi, bari layin farko ya zama na sunayen ginshiƙai kaɗai, ka cire babban take da layukan da ba komai a cikinsu. Raba duk akwatunan da ka haɗe, domin abin da ke cikin haɗaɗɗen akwati a gidan farko na sama ta hagu kawai yake zaune, sauran kuwa fanko za su fita. Idan suna ɗaya ya rufe layuka huɗu, maimaita shi sau huɗu.

Layuka da ginshiƙan da ka ɓoye suna bin CSV su fita. Wannan yana da hatsari idan akwai bayanin da ba ka so mai karɓa ya gani. Hanya mafi aminci ita ce ka zaɓi teburin, ka danna Alt tare da waƙafi mai ruwa don a ɗauki abin da ido ke gani kawai, ka kwafa, ka liƙa a sabon falle. Sannan danna Ctrl da End ka ga inda Excel yake ɗauka teburin ya ƙare. In ya kai ka can nesa da bayananka, goge waɗannan layuka da ginshiƙai gaba ɗaya, in ba haka ba za ka ga jerin waƙafi marasa amfani a ƙarshen kowane layi.

Sai batun launi, kuma a nan nake so ka ɗan dakata. Sau da yawa launi ba ado ba ne, bayani ne: ja yana nufin ba a kammala ba, kore yana nufin an tantance. Idan ka bar shi a haka, ma'anar za ta mutu tare da launin. Buɗe sabon ginshiƙi ka sa masa suna, misali Matsayi. Kunna Filter, zaɓi Filter by Color, tace jajayen, rubuta “ba a kammala ba” a gabansu, sannan ka yi wa korayen haka. Haka za ka yi wa rubutu mai kauri idan yana nuna wani abu, da kuma ƴan bayanan da ka maƙala a gefen akwatuna. Aikin minti biyar ne, amma shi ne kaɗai hanyar da ma'anar launi za ta shiga fayil ɗin da bai san launi ba.

Mataki na uku: gyara yadda lambobi suke bayyana

Wannan shi ne zuciyar aikin. Lokacin da Excel yake rubuta CSV, abin da yake nunawa a akwati shi yake rubutawa, ba ainihin abin da ke ƙasa ba. Idan akwati yana riƙe da 3.14159 amma ka tsara shi ya nuna 3.14, to 3.14 ne zai fita, sauran kuma sun tafi ke nan. Idan 0.256 yana bayyana a matsayin 26%, abin da mai karɓa zai samu shi ne 26%. Wannan hali yana iya cutar da kai, yana kuma iya yi maka amfani, domin yana nufin kai ne mai iko da abin da zai fita. Danna Ctrl da 1 a kan kowane ginshiƙi, ka duba tsarinsa ɗaya bayan ɗaya.

Fara da lambobin da ba na lissafi ba ne: lambar waya, lambar kaya, lambar rajista, lambar asusu. Ba wanda zai tara su ko ya raba, saboda haka bai kamata a ɗauke su a matsayin adadi ba. Mayar da ginshiƙinsu Text tun kafin ka shigar da su, ko ka fara kowace da ɗigon sama guda ɗaya, irin wanda ake sa wa 'ya'ya, wanda yake gaya wa Excel cewa rubutu ne. Idan sifilin ya riga ya zube kuma ka san tsawon lambar, misali gurbi biyar, zaɓi Custom ka rubuta 00000, sai 742 ta koma 00742 a allo da kuma cikin fayil. Ko kuma ka yi amfani da fomula a wani ginshiƙi:

=TEXT(A2,"00000")

Dogayen lambobi suna da matsala iri biyu. Ta farko mai sauƙi ce: duk lambar da ta kai gurbi 12 a tsarin General tana rikiɗewa zuwa irin 1.23457E+11, kuma haka za ta shiga CSV a gutsure. Mayar da ginshiƙin Number, ka sa lambobin bayan ɗigo su zama 0, sai ta fito cikakkiya. Ta biyu kuwa ba ta da magani bayan ta faru. Excel ba ya riƙe fiye da gurbi 15 a cikin adadi, duk abin da ya wuce haka sifili yake mayar da shi. Lambar kati mai gurbi 16 da aka shigar a matsayin adadi ta riga ta rasa gurbinta na ƙarshe, canza tsari ba zai dawo da shi ba. Sai dai a mayar da ginshiƙin Text a sake shigar da ita daga tushe.

Kwanan wata kuma fa? A ciki, Excel adadi yake riƙewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900, sannan ya lulluɓe shi da fasalin da saitin kwamfutarka ya zaɓa. Idan ka fitar da 03/04/2024, mai karɓa a Amurka zai karanta 4 ga Maris, na Ingila kuma 3 ga Afrilu, kuma babu wani gargaɗi da zai bayyana. Mafi muni ma, kwanakin da suka wuce 12 ba sa juyuwa tunda babu wata na 13, don haka rabin ginshiƙin zai zama daidai, rabi kuskure. Ni dai ba na fitar da kwanan wata sai a tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana. A Custom rubuta yyyy-mm-dd, sai ka samu 2024-04-03, wanda ba ya da fassara biyu, kuma ko a matsayin rubutu aka jera shi zai bi tsarin lokaci.

Cire waƙafin da ke raba dubbai, cire alamar kuɗi ko ta awo, ka mayar da ita cikin sunan ginshiƙi, misali Nauyi a kilo. Lambar da ke ƙasa da sifili ta zo da alamar ragi a gabanta, ba a cikin baka biyu ba kamar yadda masu akanta suke yi. Fomuloli ba sai ka taɓa su ba, sakamakonsu ne zai fita, amma ka duba kada a samu #N/A ko #DIV/0!, domin su ma haka za su fita a rubuce.

Mataki na huɗu: zaɓi irin fayil da tsarin haruffa

Danna File, Save As, ka buɗe jerin nau'o'in fayil. Za ka ga CSV fiye da ɗaya, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Wanda aka rubuta CSV UTF-8 shi za ka ɗauka in yana nan, domin UTF-8 tsarin haruffa ne da ya san haruffa masu ƙugiya da na sauran harsuna. Daga Excel 2016 zuwa sama ake samunsa. Tsohon CSV ɗin yana amfani da tsarin haruffan Windows na yankin da aka saita kwamfutar, galibi Windows-1252, wanda ya san é da ü amma bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba, balle haruffan Larabci. Duk harafin da bai sani ba alamar tambaya yake sa wa a gurbinsa, kuma wannan asara ce ta dindindin a cikin wannan fayil.

CSV UTF-8 na Excel yana sa wata ɓoyayyiyar alama mai bayit uku a farkon fayil, ana ce mata BOM. Da ita Excel yake gane UTF-8 idan an buɗe fayil da danna biyu. Wasu manhajojin kuma ba sa son ta, sai ka ga tarkacen haruffa sun manne wa sunan ginshiƙin farko. Idan haka ta faru, buɗe fayil ɗin a Notepad, yi Save As, a wajen Encoding ka zaɓi UTF-8 wanda ba a rubuta BOM a gabansa ba. Akasin haka ma yana aiki: fayil ɗin da ka sauko da shi daga Google Sheets UTF-8 ne marar wannan alama, don haka idan haruffansa suka hargitse a Excel, ƙara masa ita a Notepad.

Idan bayananka cike suke da waƙafi, kamar adireshi ko dogon bayani, Text Tab delimited ya fi sauƙin karantawa, tunda tazarar Tab ce ke raba ginshiƙai. Ɗan'uwansa Unicode Text shi ma Tab yake amfani da shi kuma yana riƙe kowane harafi, sai dai UTF-16 ne, don haka tambayi mai karɓa ko manhajarsa tana ɗauka.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki: ka zaɓi CSV amma ka tarar da waƙafi mai ruwa a tsakanin ginshiƙai. Excel yana bin List separator da ke cikin saitin Region na Windows. A ƙasashe irin su Faransa da Jamus, inda waƙafi yake tsayawa a matsayin ɗigon adadi, waƙafi mai ruwa ne mai rabawa. Idan fayil zai tsallaka tsakanin kwamfutoci masu saiti daban, faɗa wa mai karɓa abin da ka yi amfani da shi.

A wannan fanni LibreOffice Calc ya fi ba mutum iko. Zaɓi Text CSV, sa alama a Edit filter settings, sai ya buɗe maka taga inda za ka zaɓi tsarin haruffa, alamar rabawa, da ko kana so a kewaye duk rubutu da alamar zance. Akwai kuma Save cell content as shown: bar shi a kunne idan fasalin da ka tsara kake so, kashe shi idan cikakken adadin da ke ƙasa kake bukata.

Mataki na biyar: idan ginshiƙai a miƙe kake so

Wani lokaci ba na'ura ce za ta karanta ba, mutum ne, ko kuma tsohuwar manhaja mai bukatar kowane ginshiƙi ya fara a gurbi ƙayyadadde. A nan sarari ne zai yi aikin da layukan da ke zagaye akwatuna suke yi. Excel yana da Formatted Text Space delimited, mai ƙarewa da prn. Kafin ka adana, zaɓi duk fallen ka sa masa rubutun da haruffansa suke da faɗi ɗaya, irin Courier New ko Consolas, sannan ka saita faɗin kowane ginshiƙi da cikakkiyar lamba, 20 ko 12, wadda ta ɗara mafi tsawon abin da ke cikinsa da gurbi ɗaya ko biyu. Abin da bai samu wuri ba za a datse shi. Kuma layi ba ya wuce harafi 240. Abin da ya haura za a yanke a kai shi can ƙasan fayil, wanda ke wargaza tebur mai faɗi.

Saboda wannan iyaka, da kuma yadda prn ba ya kula da haruffa masu ƙugiya, na fi son gina layin da kaina. A ginshiƙi na gefe rubuta:

=LEFT(A2&REPT(" ",20),20)&RIGHT(REPT(" ",10)&TEXT(B2,"0.00"),10)

Kashin farko yana ƙara wa rubutun A2 sarari ashirin sannan ya yanko ashirin na farko, don haka kowane suna, gajere ko dogo, gurbi ashirin zai ci, a jingine ta hagu. Kashi na biyu yana sa sarari a gaban adadin B2 ya yanko goma na ƙarshe, sai lambobi su jingina ta dama, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo. Ja fomular zuwa ƙasa, kwafi ginshiƙin, liƙa a Notepad, adana da UTF-8. Mai karantawa ma dole ya buɗe da rubutu mai faɗi ɗaya, in ba haka ba jerin zai karkace a idonsa ko da fayil ɗin lafiyarsa ƙalau.

Mataki na shida: duba da Notepad, ba da Excel ba

Gani ya kori ji. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, zaɓi Open with, sannan Notepad. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiyar abin da ke ciki. Ya kamata ya yi kama da haka:

Lamba,Suna,Nauyi a kilo,Rana
00742,"Ƙusa, ƙarama",12.50,2024-04-03
00743,Ƙugiya,3.75,2024-04-15

Lura da alamar zance da ta kewaye sunan da ke da waƙafi a ciki. Ba kuskure ba ne, ƙa'ida ce, wadda takardar RFC 4180 ta shekarar 2005 ta bayyana: duk gidan da ke ɗauke da waƙafi, ko alamar zance, ko karyewar layi, a kewaye shi, alamar zancen da ke ciki kuma a ninka ta biyu. Kada ka goge su da hannu. Duba layin farko, na tsakiya da na ƙarshe, nemi alamar tambaya da E+ ta hanyar Ctrl da F, ka kuma gwada yawan layuka da na asali.

Me ya sa na hana duba shi da Excel? Domin mafi yawan abin da mutane suke kira “CSV ya cinye mini sifili” ba a wajen adanawa ya faru ba, a wajen buɗewa ne. Fayil ɗin yana ɗauke da 00742 daidai, amma da ka danna shi sau biyu Excel ya yi hasashe, ya ce adadi ne, ya zubar da sifilin. Idan kuma ka danna Save a wannan hali, ka rubuta kuskuren a kan fayil mai kyau. Wannan hasashe ya taɓa damun masana kimiyya har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya canza wasu sunaye, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1, saboda Excel yana mayar da su ranakun Maris da Satumba.

Mataki na bakwai: yadda za a sake shigo da shi lafiya

Buɗe Excel babu komai a ciki, je Data, danna From Text/CSV, zaɓi fayil. A tagar da ta fito, tabbatar File Origin yana kan 65001, wato UTF-8, kuma Delimiter ya dace. Kada ka yi saurin danna Load. Danna Transform Data, a jerin matakan da ke gefen dama goge wanda ake kira Changed Type, shi ne hasashen. Yanzu komai ya dawo rubutu, sifili na nan. Bi ginshiƙan da da gaske adadi ne ko kwanan wata ka ba su nau'insu da kanka, ka bar sauran a Text, sannan Close & Load.

A tsofaffin Excel, Text Import Wizard ne zai fito. A shafinsa na uku danna ginshiƙi ka zaɓi Text. A LibreOffice tagar shigowa tana bayyana da kanta, danna kan ginshiƙi ka canza Column type. A Google Sheets, lokacin Import, cire alamar da ke cewa a mayar da rubutu lambobi, ranaku da fomuloli. Masu Microsoft 365 na yanzu suna da ƙarin kariya a File, Options, Data, ƙarƙashin Automatic Data Conversion, inda za a iya hana zubar da sifilin farko da datse dogayen lambobi.

Akwai dabarar da ake yawan bayarwa, ta rubuta lamba a CSV kamar ="00742" don Excel ya bar ta. Tana aiki a Excel, amma manhajoji da yawa za su karɓi alamar daidai da alamomin zancen a matsayin ɓangaren lambar. Ban ba da shawararta ba sai in ka tabbata Excel kaɗai zai buɗe fayil ɗin.

Idan aikin na kowane mako ne, tanadi wani xlsx mai launuka, faɗin ginshiƙai da tsarin lambobi, ka haɗa shi da CSV ɗin ta wannan hanya ta From Text/CSV sau ɗaya. Duk lokacin da sabon fayil ya zo, ajiye shi da suna ɗaya a wuri ɗaya ka danna Refresh, sabbin bayanai za su zauna cikin tsohon tsari. Sa'ad da kake tura fayil ga wani kuma, haɗa masa da ɗan gajeren bayani na layi uku ko huɗu: tsarin haruffa UTF-8 ne, waƙafi ne mai rabawa, ginshiƙin Lamba rubutu ne mai gurbi biyar, kwanan wata shekara ce a gaba. In kuma ya ce lallai yana son ya ga launuka da layuka kamar yadda suke a allonka, tura masa PDF ko xlsx ɗin a gefe guda, CSV ɗin kuma ya tafi wajen manhajar da ta nema.